Shin Tunanin Mutum Yana Iya Motsa Abin Da Hannunsa Bai Taɓa Ba?

 Darasinmu na wannan mako a kan wata magana ce da ta yawaita a bakin matasanmu masu ilmin zamani, suna karanta ta a littattafai, suna kuma jin ta a wayoyinsu. Maganar ita ce wai duk abin da mutum ya ƙudurta a zuciyarsa, ya yi ta maimaita shi ba tare da shakka ba, to tunanin nan da kansa zai janyo masa abin, ko dukiya ce, ko mata, ko lafiya. Haka kuma wai wanda ya yawaita tunanin cuta ko talauci shi ne ya kirawo su da kansa. Wasu ma sukan ɗauko hadisin da ya kwaɗaitar a kan kyautata zato ga Allah su jingina maganar da shi, domin ta sami rigar addini. Ya kamata mu zauna mu sheƙe ta mu rairaye, gama akwai tsaba a cikinta akwai kuma tsakuwa, kuma wanda tsakuwar za ta fasa wa haƙori shi ne majinyaci da matalauci.

Tambayar ba baƙuwa ba ce a wurin malaman Musulunci. Ibn Sina, babban likita kuma masanin falsafa, wanda aka haifa kusa da Bukhara a shekarar 980, ya rasu a Hamadan a 1037, ya yi bayani a kanta cikin littafinsa Ash-Shifa da kuma ƙarshen Al-Isharat wat-Tanbihat. Ya kafa hujja da misali mai sauƙi ƙwarai. A ɗauki gungumen itace, mu ce azara, a shimfiɗa ta a ƙasa, kowa zai bi ta kanta ba tare da ya ko duba ƙafarsa ba. A ɗauki wannan azara ɗin dai a gicciya ta bisa bakin rijiya mai gaba ashirin, a ce wa mutumin ɗazu ya ƙetare. Nan take gwiwarsa za ta soma rawa, in kuwa ya matsa sai ya hau, yana iya zamewa. Faɗin azara bai ragu ba, ƙafafunsa su ne na ɗazu. Abin da ya ƙaru kawai shi ne surar faɗuwa da ta zauna a zuciyarsa, watau wahami, ita ce kuwa ta kada shi.

Wannan babu mai gardama a kansa. A ambaci tsamiya a gabanka, miyau ya tsinke. Mugun labari ya iso, gaba ya faɗi, gumi ya keto, wani har cikinsa ya ɓaci. Amma Ibn Sina bai tsaya nan ba. Ya ce tun da yake rai ba jiki ba ne, kuma ga shi yana juya jikin da yake ciki, to babu abin da zai hana wani rai mai tsananin ƙarfi ya juya wasu jikuna na waje kamar nasa ne, ya warkar da maras lafiya, ko ya sa a yi ruwa. Da wannan ne ya nemi ya fassara wasu mu'ujizozin Annabawa, da karamomin waliyyai, har da kambun baka.

Sai dai mai karatu ya lura, tsakanin magana ta farko da ta biyu akwai kogi, kuma misalin azara bai isa ya ƙetarar da mu ba. A cikin misalin, mutumin ne ya faɗa rijiya. Azara tana nan inda aka ajiye ta, wahaminsa bai gusar da ita ko da faɗin yatsa ba.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo wannan ra'ayi cikin Tahafutul Falasifa, littafin da ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 1095. Bai musanta cewa Allah yana iya ba Annabawansa irin wannan ba. Abin da ya ƙi shi ne a mayar da shi wani ƙarfi na ɗabi'a mai aiki da kansa, a kuma taƙaita mu'ujiza a kansa. A mas'ala ta 17 ta littafin ya kawo misalin wuta da auduga. Ya ce abin da ido yake gani shi ne auduga tana ƙonewa sa'ad da wuta ta taɓa ta, amma ganin nan bai tabbatar da cewa wutar ce mai aikatawa da ikon kanta ba. Allah ne mai halitta ƙunar a lokacin haɗuwarsu, bisa al'adar da Ya gudanar a cikin halittarsa. To, idan wuta da muke ganin harshenta ba ta da ikon kanta, ina ga tunanin ɗan Adam?

Kada a fahimci Gazali a baibai. Bai ce mutum ya tsoma hannu a wuta ba. Al'adar nan ta Allah tana gudana dare da rana, da ita manomi yake shuka, da ita likita yake ba da magani, ita ce muke kira sababi. Saboda haka tambayar da ta rage mana ita ce: shin Allah Ya sanya tunani kawai, ba hannu ba ƙafa, ya zama sababin da ke kawo kuɗi ko ya motsa dutse? Ana neman amsar wannan a wuri biyu, a nassi da kuma a jarrabawa.

Ta fuskar nassi, abin da za a fara kawowa shi ne kambun baka, wanda Larabawa suke jingina wa ido, mu kuwa muka jingina wa baki. Buhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya tabbatar da shi, babu Musulmin da zai yi wasa da wannan. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik kuma akwai labarin Sahlu ɗan Hunaifu, wanda ya tuɓe yana wanka, sai Amiru ɗan Rabi'a ya ga kyan fatarsa ya yaba, bai sa albarka ba. Nan take Sahlu ya kwanta ciwo. Da aka kai magana gun Manzon Allah (S.A.W.), sai ya yi wa Amiru faɗa, ya tambaye shi abin da ya hana shi sa albarka, sa'an nan ya umurce shi ya wanke gaɓoɓinsa a cikin ƙwarya, aka zuba wa Sahlu ruwan, ya tashi garau.

Malamai sun saɓa a kan yadda abin yake aukuwa. Ibn Ƙayyim, cikin Zadul Ma'ad, yana ganin tasirin daga ran mai kallon yake fitowa, har ya ce makaho ma yana iya yi in an siffanta masa abu. Imam Maziri, malamin Malikiyya wanda ya rasu a 1141, a sharhinsa na Sahihu Muslim ya bi hanyar da ta dace da ta Gazali, watau Allah ne yake halitta cutar a lokacin kallon, kuma in Ya so ba za ta auku ba. Ibn Khaldun kuwa, cikin Muƙaddima wadda ya rubuta a 1377, ya jawo hankali ga wani abu da ake yawan mantawa. Ya ce kambun baka ba da zaɓin mai shi yake aukuwa ba, ba kuwa sana'a ba ce da ake koyo, don haka ne ma ya bambanta hukuncinsa da na mai sihiri, wanda shi da gangan yake aikinsa. Ke nan ko a wurin wanda ya fi kowa faɗaɗa maganar, ba wani makami ba ne da mutum zai saita ya harba inda ya ga dama, balle ya nemi arziki da shi.

Akwai kuma darasi a cikin abin da aka yi wa Amiru. An yi masa faɗa, an sa shi wanka, magana ta ƙare, ya ci gaba da zamansa cikin sahabbai da darajarsa ta wanda ya halarci Badar. A gwada wannan da abin da yakan faru a wasu garuruwanmu. Yaro ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro, ya hau masa kai, yana fizge-fizge yana sambatu, ya ambaci sunan wata tsohuwa maƙwabciya. Kafin a ce kwabo an taru a ƙofarta, an ce ta kama kurwarsa, a jawo ta a tilasta mata ta tsallake shi, wani lokaci da duka da tozarci, shi kuwa yaron ana ta ɓata sa'o'in da ya kamata a ce yana asibiti. Maita da kambun baka ba abu ɗaya ba ne, amma tushen zargin ɗaya ne, watau cewa abin da ke cikin zuciyar wani shi ya kwantar da wani. Shari'a ba ta kama mutum da sambatun mai zazzaɓi. Ko dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta soma aiki a 1960, ta sanya zargin mutum da maita cikin laifuffuka.

Yanzu sai mu koma wajen jarrabawa, mu fara da abin da tunani yake yi wa jikin mai shi, gama a nan ne likitocin zamani suka tarar da gaskiyar Ibn Sina. Sun daɗe da lura cewa in an ba majinyaci ƙwayar da babu magani a cikinta, mu kira ta holoƙon magani, shi kuwa yana zaton na gaske ne, sau da yawa yakan ce ya ji sauƙi. A 1955 wani likita na Jami'ar Harvard a Amurka, Henry Beecher, ya tattara gwaje-gwaje 15 ya ce kimanin kashi 35 cikin 100 na majinyata sun sami sauƙi ta haka. Daga baya an nuna lissafinsa ya yi yawa, domin bai ware waɗanda da ma za su warke da kansu ba. Duk da haka akwai abu na haƙiƙa a ciki. A 1978 wasu masu bincike a San Francisco, Levine da Gordon da Fields, sun gwada mutanen da aka cire wa haƙori. Waɗanda holoƙon magani ya rage wa zogi, da aka yi musu allurar wani magani mai toshe aikin sinadaran kashe zafi da jiki yake yi da kansa, sai zogin ya dawo. Ashe sa rai da sauƙi yana sa ƙwaƙwalwa ta saki nata maganin. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya halitta ta haka.

Amma ina iyakar abin? Wani gwaji da aka buga a 2011, na masu ciwon asma a Amurka, ya nuna ta a fili, kuma ya cancanci kowane mai jinya ya san shi. An riƙa ba majinyatan maganin shaƙa na gaske wani lokaci, wani lokaci holoƙo, wani lokaci kuma a bar su haka nan. Da aka tambaye su yadda suka ji, sauƙin da suka faɗa bayan maganin gaske ya kai kashi 50 cikin 100, bayan holoƙo kashi 45, ranar da ba a ba su kome ba kuwa kashi 21. Ka ga ke nan a bakinsu holoƙo ya kusa kamo na gaske. Sai aka auna numfashinsu da na'ura. Maganin gaske ya ƙara iskar da suke iya hurowa da kashi 20, holoƙo kuwa kashi 7 kacal, daidai da ranar da ba a ba su kome ba. Watau zuciya ta ce an warke, huhu kuwa yana nan a shaƙe. Mai asma da ya dogara ga jin sauƙin nan ya ajiye maganinsa, da ransa yake wasa. Haka nan a 2007 James Coyne da abokan aikinsa na Jami'ar Pennsylvania suka bi majinyata 1,093 masu ciwon daji na kai da wuya, ba su sami wata alaƙa tsakanin kwanciyar hankalin majinyaci da tsawon kwanakinsa ba. Kwantar wa maras lafiya da hankali aikin lada ne, yana rage masa raɗaɗi, yana sa ya ci abinci ya sha magani, amma ba ya narkar da ƙari.

Wannan duk a cikin jiki ne. A waje da jiki fa? A 1853 wata yayi ta kama Turawan Ingila, mutane su kewaye tebur su ɗora hannuwansu a kai, can sai tebur ya soma juyawa, su ce ƙarfin ruhi ne. Masanin kimiyya Michael Faraday ya ɗauki abin da muhimmanci. Ya sanya fallayen kwali tsakanin hannuwansu da teburin, ya manne su da ɗanko mai taushi, sai ya tarar fallen da ke sama, wanda hannu yake taɓawa, shi yake fara gusawa kafin tebur, alamar cewa hannu ne yake turi. Sa'an nan ya ɗaura wani ɗan tsinke da zai karkata da zarar an tura. Da mutanen suka zuba wa tsinken ido, tebur bai sake motsi ba. Faraday bai ce maƙaryata ne ba. Mutanen kirki ne waɗanda tsokar hannunsu take bin abin da zuciyarsu take jira ba tare da sun sani ba. Azarar Ibn Sina ce dai ta dawo da wata kama.

Jarrabawa mafi tsawo ita ce ta Jami'ar Princeton a Amurka. A 1979 Robert Jahn, shugaban sashen injiniya na jami'ar, ya buɗe ɗakin bincike musamman domin wannan tambaya. Suna da wata na'ura mai fitar da sakamako barkatai, kamar a wurga kwabo sama a ga fuskar da zai faɗi a kai, sai a zaunar da mutum a gabanta ya yi ta nufin fuska ɗaya ta rinjayi ɗaya. An yi wurgi miliyoyi. Bambancin da su da kansu suka ce sun gani bai wuce biyu ko uku cikin 10,000 ba. Da suka haɗa kai da ɗakunan bincike biyu na Jamus, a Freiburg da Giessen, domin a maimaita gwajin, sakamakon da aka buga a shekarar 2000 bai nuna ko wannan ɗan bambancin ba. An rufe ɗakin a 2007, bayan shekara 28. Ko da an sallama musu duk abin da suka yi da'awa, ƙarfin da bai iya juya kwabo uku cikin dubu goma ba, yaya zai kawo wa mutum gida da mota?

To, daga ina maganar matasanmu ta fito? Asalinta Amurka ne. Wani mai gyaran agogo a jihar Maine, Phineas Quimby, wanda ya rasu a 1866, shi ya riƙa koyar da cewa cuta kuskuren tunani ce, in an gyara tunani ta tafi. Almajiransa suka yaɗa, aka ƙara mata batun neman dukiya, har ta kai ga littafin wani malamin coci, Norman Vincent Peale, a 1952, sa'an nan littafin The Secret, watau Sirri, na Rhonda Byrne 'yar Ostareliya, a 2006, wanda aka sayar da miliyoyi aka kuma fassara shi har da Larabci. Littafin yana siffanta tunani kamar maganaɗisu mai janyo irinsa, har ya kai ga nuna cewa waɗanda bala'i ya rutsa da su, tunaninsu ne ya dace da bala'in.

A nan ne maganar ta yi karo da addini gaba da gaba. Annabi Ayuba ya daɗe yana jinya, wa zai ce munanan tunaninsa ne suka kirawo cutar? Tirmizi ya ruwaito cewa Annabawa su ne mafi tsananin jarrabawa cikin mutane. Manzon Allah (S.A.W.) ya rasa 'ya'yansa shida yana da rai, Nana Faɗima kaɗai ta rage bayansa, kuma akan yi wata da watanni ba a hura wuta a gidajensa ba. Babu zuciyar da ta fi tasa yaƙini. Wanda ya je duba uwar da ɗanta ya rasu ya gaya mata fargabarta ce ta janyo, ya ɗora mata kayan da Allah bai ɗora mata ba. Hasali ma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an yafe wa wannan al'umma abin da zukatanta suke saƙawa muddin ba a aikata ko an furta ba, kuma sa'ad da wasu sahabbai suka kawo kukan waswasin da suke jin nauyin faɗarsa, kwantar musu da hankali aka yi. Wannan rahama ce babba ga masu yawan fargaba, waɗanda koyarwar littafin Sirri take sa su tsoron tunaninsu na kansu.

Kyautata zato kuwa ga Allah ake yinsa, Mai iko da ba da abu da hana shi. Mai addu'a bawa ne yana roƙo, kuma Imam Ahmad ya ruwaito cewa amsar tana iya zuwa ta ɗayan hanya uku, a ba shi nan da nan, ko a ajiye masa sai Lahira, ko a tunkuɗe masa wani sharri gwargwadonta. Mai bin littafin Sirri shi umurni yake bai wa sararin duniya yana jiran a kawo masa. Faɗin abu ya kasance ya kuma kasance, Alƙur'ani ya keɓe shi ga Allah Shi kaɗai. Game da mu bayi, abin da muka gani shi ne an umurci Nana Maryam ta girgiza dabino tana cikin naƙuda, an umurci Balaraben ƙauye ya ɗaure raƙumarsa sa'an nan ya yi tawakkali, kuma ran Uhudu Manzon Allah (S.A.W.) sulke biyu ya sa.

Abin mamaki, masana halayyar ɗan Adam sun iske wani abu makamancin haka. Gabriele Oettingen, Bajamushiya mai koyarwa a New York, ta buga bincike a 2002 a kan ɗalibai masu shirin gama jami'a. Bayan shekara biyu, waɗanda suka fi nishaɗi da mafarkin sun riga sun sami aiki su ne suka fi ƙarancin aika takardun nema, suka kuma fi ƙarancin samu. Dalili kuwa a bayyane yake, zuciyar da ta riga ta sha romo a mafarki ba ta tashe ka da asuba.

Akwai dai wuri guda da za a iya cewa tunani ya ɗaga abu, kuma ya dace a ga yadda aka yi. A 2012 masu bincike na Jami'ar Brown a Amurka da abokan aikinsu suka ba da labarin wata mata mai shekara 58, wadda shanyewar jiki ta hana motsa hannu da ƙafa kusan shekara 15. Likitoci sun buɗe ƙoƙon kanta sun dasa wata 'yar na'ura mai tsinkaye 96 a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da motsin hannu. Daga nan aka ja waya zuwa kwamfuta, kwamfuta kuma take fassara abin da tsinkayen suka jiyo ta aika wa wani hannu na ƙarfe. Sai da aka yi ta horar da kwamfutar kafin ta gane nufinta, kuma da an zare wayar hannun ba zai motsa ba, kome ƙarfin niyyarta. Aka ajiye kwalbar kofi a kan tebur a gabanta. Ta nufi ɗauka, hannun ƙarfe ya miƙa ya kama kwalbar ya kawo bakinta, ta zuƙa da tsinken shan ruwa, ya mayar ya ajiye. Sau shida ta gwada a ranar, sau huɗu ta sha.